Tafiyar Gembu da Kurfotin da Umma Ta Soke

'Yan uwana mata, musamman ƙannena 'yan makaranta da suka dame ni da tambayar wai me ya hana kashi na biyu na littafina fitowa a ƙarshen 2024 kamar yadda na yi alkawari. Na ji wasu na cewa hidimar bikina ce ta ɗauke mini hankali. To ba ita ba ce. Gaskiyar magana kuɗin bugun na kashe, har na haɗa da rabin na kayan kicin ɗina, kuma a hanyar Gembu suka tafi.

Tun muna ƙanana idan hunturu ya shigo, muka kewaye murhu da safe muna rawar ɗari, Abbanmu zai fito da butarsa ya kalle mu ya yi dariya ya ce, "Wannan ne sanyi? Ku da ba ku je Gembu ba." Mun ji wannan maganar har mun haddace, har ta kai idan ya buɗe baki mu muke ƙarasa masa. A can aka tura shi bautar ƙasa a 1986, lokacin wurin yana cikin tsohuwar Jihar Gongola, domin sai a 1991 aka yanke Taraba. Da ya gama shekararsa makarantar ta riƙe shi ya ci gaba da koyar da tarihi, ya zo Kano ya auri Umma a 1988 ya tafi da ita, suka dawo gida a 1990. Tun daga nan bai sake taka ƙafarsa can ba. Amma fa labarin garin bai taɓa barin bakinsa ba: gajimare yana bi ta ƙasan mutum, shanu sun yi ƙiba kamar su fashe, ayaba da fiya da dankalin turawa kamar a ba ka kyauta, shayi kuma daga gona ake tsinko shi.

Da ya yi ritaya sai ciwon suga ya sa shi gaba, ido ya fara rauni. Wata rana da yamma a watan Oktoba na kai masa ruwan alwala, na same shi da tsohon hotonsa a hannu, yana tsaye a gaban aji da wata suwaita mai wuyan kunkuru, ya kusanto da hoton dab da fuskarsa yana ƙoƙarin gane ɗaliban. Ya ce mini, shi dai da Allah zai sa ya sake ganin garin nan tun idon yana gani. Bai faɗa don in yi wani abu ba, shi da bai ma san nawa nake samu a rubutu ba. Amma na kwana da maganar. An riga an sa bikina bayan ƙaramar Sallah ta 2025, ke nan wannan hunturun shi ne na ƙarshe da zan yi a gidanmu ina budurwa. Na buɗe asusuna na ƙirga, na sake ƙirgawa, na ce to bismillah.

Wadda ta fara tayar mini da ƙura Gwaggona ce, yayar Abba. Da labari ya je mata ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba ta taho. "Ke yanzu don Allah a ina kika taɓa jin 'ya mace ta kwashe kuɗin tukwanenta ta kai iyayenta kallon dutse? In dutse kike so ga Dala nan, ga Goron Dutse, ko kuɗin adaidaita ba sai kin biya ba." Ta ce dangin miji ba hoton tsauni za su zo gani ba ranar jere, kuloli za su ƙirga. Ban ce mata komai ba domin akwai gaskiya a zancenta, kuma ni ma abin yana ci na a rai. Kowa ta san yadda ake yi da amarya idan aka leƙa kicin aka ga kanta da sarari. Sai dai na lissafa cewa kula ana saye a kowace shekara, in ma ban saya bana ba zan saya baɗi. Idon Abba kuwa likita bai ba mu tabbacin baɗi ba.

Sannan ta kawo maganar tsoro, ta tuna mana rikicin da aka yi a tsaunin a 2017 tsakanin makiyaya da manoma, wanda aka yi asarar rayuka da dukiya. Wannan kam ban ɗauke shi wasa ba. Na ce ba za mu tashi ba sai mun ji daga bakin mutumin da ke zaune a garin.

Ga waɗanda ba su sani ba, Gembu ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna, tana can saman tsaunin Mambila dab da iyakar Kamaru. Abba ya yi mana darasi guda a kan sunan, irin na malaman da suka yi kewar allo. Ya ce yankin a da yana cikin Arewacin Kamaru da Ingila ke riƙo, sai a ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 mutanen suka zaɓi shiga Nijeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna Ahmadu Bello. Ƙanwata da ke aji shida ta ɗauko littafinta na labarin ƙasa ta ƙara mana da nata. Kano ba ta kai mita 500 daga saman teku ba, Jos da muke ta zuzuta sanyinta tana wajen mita 1,200, shi kuwa Mambila yana wajen mita 1,600. Kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. A wannan yankin ne ma Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Ni da na bar makaranta da shekaru sai na ji kunya, domin duk an koya mana wannan, ina can bayan aji ina rubuta labarin soyayya a bayan littafin lissafi.

Rigima ta biyu ta kujera ce. Motar Yayanmu ce za ta yi tafiyar, Sienna mai cin mutum 7, mu kuwa da muka ƙirga masu ɗaga hannu sai ga mutum 10. Akwai Abba, akwai Yaya da zai tuƙa, ni, ƙanwata, Autanmu, ga Anti abokiyar zaman Umma da yaranta 3, ga matar Yaya da ke da tsohon ciki amma ta rantse ba za a bar ta ba. Ita dai likita ce ta raba mu da ita. Saura fa? Duk wadda ta tashi a gidan mata biyu ta san cewa kujerar mota ba kujera ba ce kawai. In na ɗebi 'yan ɗakinmu zalla, an ce kuɗinta ne ta nuna mana iyakarmu. In na bar ƙannena na ɗauki na Anti, Umma ba za ta yi magana ba amma ni zan gani a fuskarta. Kwana 3 ina rubuta sunaye ina sokewa, wallahi tsara taurarin littafi bai taɓa ba ni wahala haka ba.

A cikin wannan lissafin duka mutum ɗaya ce ba ta ɗaga hannu ba, ita ce Umma. Ranar da na fara faɗa mata tana tankaɗen garin tuwo, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ku je da Antinku, ni zan tsare gida." Na ce, "Haba Umma, ke da kika zauna a garin, ai ke za ki nuna mana wurare." Ta ce ta gani ya ishe ta. Na ɗauka kara ce irin tata, don kada a ce ta yi babakere a kuɗin 'yarta. Na yi lallashi, na yi shagwaɓa, na turo Yaya, duk amsar ɗaya ce. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Abba, wanda ya saba ko kasuwa za shi sai ya ce ta raka shi, amma a kan wannan bai ce mata uffan ba.

Na bar maganar na koma kan hanya. Ta Facebook ƙanwata ta lalubo mana wani tsohon ɗalibin Abba, yanzu shi ma dattijo ne da furfura, yana zaune a Gembu. Ranar da suka yi waya da Abba sai da muka fita daga ɗakin muka ba su wuri. Shi ya tabbatar mana gari lafiya, ya ce shi zai nema mana masauki mai ɗaki 3, kuma ya ba Yaya shawarwarin da babu su a taswirar waya. Tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, ba a yin ta a wuni guda da tsoho mai suga a mota. Daga Kano sai Gombe, a bi ta Kaltungo a faɗa Numan a tsallake Binuwai, a kwana Jalingo. Washegari da sassafe a kama hanyar Bali da Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake, har Mayo Selbe a gindin tsauni. Daga nan ne ake fara hawan da kowa ke ba da labarinsa, hanya tana nannaɗe dutse kamar rawani, kwana bayan kwana, sai an fito sama a wuce Maisamari da Nguroje kafin Gembu. Ya ja wa Yaya kunne sosai: kada dare ya same mu a hawan, a duba ruwan inji a Mayo Selbe, a cika tanki a Jalingo a ƙara a hanya duk inda aka samu, ranar saukowa kuma a sa mota a ƙaramar giya kada a dogara da birki har ya yi zafi ya ƙi kamawa. Ya ce mu riƙe tsabar kuɗi domin sabis yakan ɗauke.

Ya kuma faɗa mana wata gaskiya da ta ɗan sanyaya mini jiki. Hotunan nan kore shar da nake nuna wa ƙawayena, na damina ne. A Disamba ciyawa ta bushe ta yi ruwan zinare, wani wurin an ƙone ta, ƙurar hunturu kuma takan rufe duwatsun nesa. Sai dai gonakin shayi na Kakara, inda ake yin Highland Tea, su kam kullum kore suke, da kurmin Ngel Nyaki mai birai. A damina kuwa ga kyau ga santsi ga hazo, ba lokacin kai tsoho da yara ba ne. Dama mu ba mu da zaɓi, hutun makaranta a Disamba yake.

Kuɗi kuwa man fetur ne ya cinye kaso mafi tsoka. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san halin da ake ciki, a lokacin tafiyarmu lita tana naira 1,000 da ɗoriya, Yaya ya ce mu ware kuɗin lita 300 zuwa da dawowa da yawon can. Ga sabon birki, ga taya 2, ga juyen baƙin mai. Da na ga jimlar sai da na ajiye biro na sha ruwa. Don haka kayan sanyi ban yi ƙarya ba, Kasuwar Ƙofar Wambai na nufa wurin 'yan gwanjo, na zaɓo suwaita da jaket da hular sanyi da safa masu kauri, muka wanke muka shanya har igiya ta lanƙwashe. Wata ƙawata ta ce ita ba za ta iya sa gwanjo ta yi hoto ba. Na ce to sanyin Mambila bai san sabo ba bai san tsoho ba. Abinci ma daga gida muka tsara: dambun nama, soyayyiyar miya, cincin, garin kunu, ga filas 2 na ruwan zafi. Na ware jaka guda ta magani, na sugar Abba da na'urar gwajinsa, abin shaƙar Auta mai asma har 2, man zafi, basilin, da citta da lemon tsami da leda saboda masu amai a kwana-kwana.

Duk wannan a takarda ɗaya na jera shi, na manna a jikin firij don kowa ya ƙara abin da na manta. A can ƙasa, lamba ta 23, na rubuta: kurfoti da gawayi, don ɗumama ɗaki da daddare.

Da safe na zo na tarar an soke layin. Ba sokewa irin ta gyara ba, an danna biro har takardar ta yage. Na tambayi yara kowa ya ce ba shi ba ne. Da daddare bayan isha na shiga ɗakin Umma da takardar a hannuna, tana kan sallaya. Kafin in yi magana ta ce in rufe ƙofa in zauna.

Na taso na san cewa an yi wata kafin Yaya, ba ta zauna ba. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ban taɓa tambaya ba, kun san gidajenmu ba a tonon irin wannan. Ƙawayena ma sun sha yi mini tsiya wai Ummanmu 'yar boko ce, tana kiran sunan ɗanta na fari gatsau ba kunya. Ashe ba shi ne na farin ba.

Ta ce a Gembu ta haife ta, tana da shekara 18, ba uwa kusa ba yaya, sai matan malamai maƙwabta da yawancinsu Fillanci suke yi ita kuma ba ta ji sosai. A watan Janairun 1990 yarinyar tana wata 5 mura ta kama ta, ƙirji yana ƙara. Daren ya yi sanyin da ba ta taɓa ji ba. Sai ta yi abin da ta ga ana yi wa mai jego a gida, ta cika kasko da garwashi ta shigo da shi ɗaki, ta rufe taga, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada iska ta taɓa jaririya. Da asuba ita da Abba suka farka da ciwon kai kamar ana sara, tana ta amai, da ƙyar ya ja jiki ya buɗe ƙofa. Yarinyar tana kwance a yadda aka kwantar da ita.

"Har yau ban sani ba," in ji ta, "ko murar ce, ko ni ce." Ta ce Abba bai taɓa ɗora mata laifi ba ko da wasa, ya ce kwana ne ya ƙare, ita ma ta yarda da haka. Amma da suka dawo Kano aka zo gaisuwa, ko kuka ba ta samu ta yi a gaban mutane ba, 'yar fari ce, kara ta hana. Tsofaffi suna ta yaba mata dauriya. Shekara 34 ba ta ba kowa wannan labarin ba, ko mahaifiyarta ta rasu ba ta ji zancen kaskon ba.

'Yan uwa, a nan zan ɗan tsaya, domin ni da na yi sakandare har na ci kimiyya, ni ce na rubuta kurfoti a takarda da hannuna. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda janareto ke fitarwa. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita, mutum yana barci ba zai ji komai ba, jarirai da masu ciwon ƙirji su ta fi saurin kayarwa. Ko garwashin ya yi ja ya daina hayaƙi, yana nan yana fitar da ita. A ɗakin da na so in kunna shi kuwa Auta mai asma ne zai kwana.

Na rasa abin da zan ce mata. Ni da nake sa taurarina su yi jawabin shafi 3 a kan abin da bai kai wannan ba, sai ga ni zaune ina murza gefen zanena. Can na ce, "Umma, to a fasa." Har zuciyata na faɗa. Ta girgiza kai ta ce ba za a fasa ba, Abbanku ba don shanu da shayi yake son komawa ba, shi ya kai ta makwancinta da hannunsa, yana so ya tsaya a wurin ya yi mata addu'a tun yana iya gane hanya. Sai a lokacin na fahimci me yake nema a cikin hoton nan da yake kusantowa da fuskarsa, da dalilin da ya sa bai taɓa ce mata ta zo ba.

Ban sake yi mata maganar tafiya ba. Na je na raba kujerun yadda na ga zai yiwu: Yaya da Abba a gaba, Anti da babbar 'yarta, ni da ƙanwata da Auta. Ƙananan Anti 2 aka yi musu alkawarin gidan zu da sabon keke, za su zauna da Umma. Kuɗin gawayi na ƙara a kan na bargo, na sayo manya 4 a Kantin Kwari, da robar ruwan zafi irin wadda ake sawa a ƙarƙashin bargo. Aka sa ranar Asabar 21 ga Disamba, bayan sallar asuba.

Ana saura kwana 2 Anti ta kira ni ɗakinta. Ban san me suka tattauna da Umma ba, kuma har yau ban tambaya ba, na dai ga sun daɗe a kicin ranar da ƙofa a rufe, abin da ba su saba ba. Ta ce mini ita ta fasa, ƙafarta ba ta son doguwar zama a mota, kuma ba za ta bar ƙananan yara su dami Yaya ba, haka take kiran Umma. Ta ce kujerarta kada in ba kowa.

Daren Juma'a muna ɗaure kaya a tsakar gida sai ga Umma ta fito da tsohuwar akwatinta ta ƙarfe ta aure, wadda muke ɗauka kwanukan tangaran ne a ciki. Ta buɗe ta ciro suwaitar nan mai wuyan kunkuru ta cikin hoto, tana warin kafur, ta miƙa wa Abba ba tare da ta kalle shi ba. Ta ciro wata ƙaramar hular ulu ruwan hoda, wadda ko dunƙulen hannuna ba za ta rufe ba, ta ninke ta sa a jakar hannunta. Sannan ta tambayi Yaya ko maƙabartar tana kusa da titi. Abba ne ya amsa, ya ce a da dai tana bakin hanya, amma bayan shekara 34 ba ya jin zai gane kabarin kansa, sai dai wajen da yake. Ta ce ba komai, ita dama ba shiga za ta yi ba, a tsayar da motar inda za ta hango, su su shiga.

Da asuba Gwaggo ta zo sallama da ƙullin kilishi da kula sabuwa fil a cikin kwali, ta dangwarar mini a gaba ta ce saura 5, in na dawo ma yi lissafi. Anti ta tsaya a bakin ƙofa da yara suna ta hamma. Umma ta shiga ta zauna a bayan Abba, ta jawo Auta ta gyara masa hular sanyi har kan kunne, ta ce wa Yaya ya ɗan sauke gilashi kaɗan iska ta riƙa shigowa. Ya sauke, muka karanta addu'ar tafiya, ya tayar da mota muka nufi hanyar Wudil.